Shekarar da Baba Ya Yi Yana Kwance Inji Ɗaya

A bakin kogi kowa Mai Kunne yake ce wa mahaifina, har waɗanda suka girme shi. Rumfarsa ta kwano tana daf da matsayar jirage, a inda ƙasa ta yi baƙi saboda man da ta sha, kuma a cikinta ya shekara talatin da 'yan kai yana gyaran injin jirgin ruwa, irin wanda ake maƙalawa a bayan jirgi. Ba makaranta ya je ya koya ba. Da injin ban-ruwa ya fara, ya koma janareto, sannan da masu kwale-kwale suka gaji da tuƙi da hannu suka fara sayen inji, shi ne ya fara yin ƙarfin halin kwance ɗaya don ya ga abin da ke cikinsa. Yakan ce kwana huɗu ya yi kafin ya mayar da shi, kuma noti biyu suka yi saura a hannunsa, har gobe bai san gurbinsu ba. Injin dai ya tashi.

Sunan daga kunnen nasa ya samo asali. Jirgi yana can tsakiyar ruwa, shi yana zaune riƙe da kofin shayi ya ba kogi baya, sai ka ji ya ce, "Wancan fulogi ne," ko kuma, "Wannan ruwa ya shiga mansa." Kafin mai jirgin ya ɗaure igiya, Baba ya riga ya zaro sifanar da ta dace. Wasu har gardama suke yi da shi, su rantse jiya-jiya suka canza fulogin. Ba ya musu. Sai ya kwance ya miƙa wa mutum abinsa ya gani da idonsa.

Ni ce autarsa, malamar firamare, kuma ni ce na zo duniya da bakin da ba a san inda na gado shi ba, don Baba ba mai yawan magana ba ne, Inna kuma ko kaza ba ta iya kora da tsawa. Barkono yake kirana tun ina rarrafe. Na faɗi wannan ne tun da wuri domin a san irin wadda ke ba da labarin: mace ce da bakinta ke riga hankalinta isa wuri. Shekara guda cur na yi ina riƙe da mahaifina a zuciya saboda mutuwar mahaifiyata, kuma labarin wannan shekarar zan bayar, ko da yake ba ni da abin alfahari a cikinsa.

Inna tana da doka ɗaya tak a gidanta: baƙin mai ba ya wuce bakin ƙofa. A nan ta ajiye bokiti, da sabulu a cikin murfin gwangwani, da tsumma a jikin ƙusa. Kullum da yamma Baba zai tsuguna ya wanke hannu, ya tashi ya miƙa mata su ta duba, ciki da baya, kamar ɗan aji ɗaya ranar duba farce.

"Koma," in ji ta.

"Haba Shugaba, ai fatar ce haka."

"To a wanke fatar."

Sai ya koma yana gunagunin ƙarya, ita kuma tana ɓoye dariya da gefen mayafi. Ba tsantseni ba ne kawai. Asma gare ta tun tana budurwa, kuma ba abin da ke tayar mata da ita kamar warin fetur da hayaƙin inji. Ka ji mutumin da abincinsa ke cikin hayaƙi ya je ya auri wadda hayaƙi ke neman ranta. Sai ya raba rayuwarsa biyu: kayan aiki a rumfa yake tuɓe su ya rataye, ya sa wata riga kafin ya kama hanyar gida. Ko janareton maƙwabta aka kawo masa gida ya taimaka, sai ya ɗauke shi a ka ya kai can bayan layi kafin ya tayar.

Jirgin roba ya zo mana ne bayan wata ambaliya da ta ci rabin unguwar gangare. Ƙungiyar masu jirage ce ta samo shi, irin wanda ake hura wa iska da famfo, da katako a baya inda ake ɗaure inji. An ajiye shi don gaggawa, saboda asibiti yana tsallaken kogi, gada kuma sai an yi awa biyu a mota kafin a kai gare ta. Kwale-kwale yakan yi minti arba'in in ruwa ya cika, jirgin roba kuwa kwata ɗaya, minti goma sha biyar, ya isa. Ba a ma tsaya shawarar wanda za a damƙa wa ba, aka miƙa wa Baba. Kullum da safe sai ya bi jikinsa yana dannawa da babban yatsa don ya ji ƙarfin iskar. Mata masu naƙuda, wanda maciji ya sara, maginin da ya faɗo daga bene, Allah kaɗai ya san adadin waɗanda ya tsallakar. Kuma shi yake zaunar da kowa da kansa: kai nan, ke nan, kada wanda ya motsa. Mu mun ɗauka son mulki ne irin na direbobi.

Ranar wata Asabar ce da hantsi, tsakiyar damina, kogi ya cika ya yi jawur. Wani a bayan gidanmu ya cinna wa shara wuta, da leda da tsohuwar taya a ciki, iska ta kwaso hayaƙin ta zuba mana ta taga. Kafin in rufe tagar Inna ta fara. Ta shaƙi maganinta sau biyu, sau huɗu, ko gezau. Da na ga leɓenta ya canza launi sai na kira Baba a waya na ce ya shirya jirgi. Ni da Gwaggo muka ɗauko ta, wani maƙwabci ya kai mu gangare a motarsa. Gwaggo yayar Baba ce, gidanta na jikin namu, mace ce mai jiki tubarkalla, wadda in ta zauna a bakin benci sai na ɗaya gefen ya nemi abin riƙewa.

Da muka isa, Baba ya riga ya tura jirgi ruwa, ya shimfiɗa bargo a tsakiya, kusa da ƙafarsa. Ni kuwa na fizge bargon.

"A nan? A bakin hayaƙi? Baba, so kake ka ƙarasa ta?"

Na ja shi can gaba, hancin jirgi, iyakar nisan da za a iya yi da inji. Na zauna na jingina Inna a ƙirjina don ta samu ta miƙe zaune, Gwaggo ta durƙusa a gabanmu tana yi mata fifita da kwali, jakar kaya da jarkar ruwa duk na jawo su gefenmu. Baba ya tsaya da igiyar tayar da inji a hannu yana kallonmu. Ya buɗe baki. Na ce, "Me kake jira?" Sai ya ja igiyar.

Mun bar gaɓa lafiya lau. Da muka shiga tsakiya, inda ruwa ke gudu da ƙarfi yana tashi yana sauka, Baba ya murɗa totur, sai injin ya ƙwala wani irin ihu da ban taɓa ji ba. Ƙara ta haura sama kamar zai tarwatse, amma jirgi ya tsaya, ba gaba ba baya, sai farin kumfa ke tafasa a bayanmu. Ya sassauta, muka ɗan matsa. Ya ƙara, ihun ya dawo. Haka aka yi ta yi, ruwa kuma yana janmu ƙasa, ina kallon rufin asibiti yana komawa gefe yana ƙanƙancewa. Gwaggo ta yar da kwalin ta ƙanƙame igiyar gefe, ido a rufe, tana ta salati. Ni kuma ina ta ƙwala masa kira, "Baba ka yi sauri! Baba, don Allah!" sai ka ce shi ne ba ya so.

Inna ba ta iya magana. Damtsena kawai ta riƙe da hannu biyu, farcenta ya nutse a fatata, sai da shaidar ta yi sati ba ta ɓace ba. Tafiyar kwata ta cinye mana kusan awa, kuma muka fita can ƙasa da matsaya, cikin ciyawa da taɓo. Amma tun kafin hancin jirgi ya taɓa ƙasa na ji riƙon ya saki. Na san abin da hakan ke nufi, na ƙi yarda, sai da likita ya cire abin sauraronsa daga kunne ya dube mu.

Na tambaye shi, "Da mun iso da wuri fa?"

Ya ce shi ba zai iya cewa ba. Wallahi da ya yi min ƙarya ya ce ko mun iso da wuri ba abin da zai canza, da ya yi min babban alheri.

A barandar asibitin, a gaban majinyata da masu gadi da duk wanda ya zo wucewa, na juya kan mahaifina. Yana tsaye ya jingina da bango, wandonsa duk taɓo har gwiwa.

"Kai da kake gyara na kowa! Kai da kake jin ciwon injin wani daga tsakiyar kogi, naka ne ba ka ji ba? Yau ɗaya, Baba! Yau ɗaya da muka buƙace ka!"

Gwaggo ta sa tafi ta toshe min baki, na ture hannunta. Na so ya yi min tsawa, ko ya ɗauke ni da mari, in samu abin da zan yi faɗa da shi. Sai ya dubi ƙasa ya ce, "Gaskiyarki, Barkono. Ban duba shi da kyau ba."

Maganar ta riga mu tsallake kogi. Kafin a watse daga zaman makoki, duk bakin ruwa ya ji cewa Mai Kunne da bakinsa ya amsa laifi.

Bayan sati biyu ciyaman ɗin ƙungiya ya zo rumfa, ina nan na kawo abinci, ya tambayi abin da ya samu jirgin. Baba ya ɗauko wata tsohuwar farfela ya riƙe a tafinsa, wato fankar nan mai fukafukai uku da ke juyawa cikin ruwa a ƙasan inji. Ya ce, "Wannan ruwa take turawa, shi ya sa jirgi ke tafiya. In iska ta samu hanya ta shiga tsakaninta da ruwa, sai ta yi ta juyawa a banza, inji na ihu, jirgi na tsaye. Mu sai mu ce farfela ta kama iska. Abin da ya sa ta kama a ranar, shi za a nemo."

Ciyaman ya ce, "A bar wa Allah, Mai Kunne. Kwana ne ya ƙare."

Ban ma bari ya rufe baki ba na ce, "A'a, a nemo. Ina so in ji sunan abin da ya kashe min uwa."

Baba ya ce to.

Daga ranar aikinsa ya zama ɗaya. Idan na taso daga makaranta nakan kai masa abinci rumfa kamar yadda Inna ke aika masa, in dire kwanon ba ko sannu da aiki, in ce, "An gano?" Shi kuma ya ce, "Ana dai dubawa." Da farfelar ya fara. Ya cire ta ya ɗora a kan tsumma, ya bi fukafukanta da yatsa yana neman lanƙwasa ko tsaga, ya goge bakinsu da magagari, ya mayar, ya fita ruwa shi kaɗai ya dawo. Ba ita ba ce. Ya samo wata ya sa, sannan wata mai ƙananan fukafukai. A cikin farfela akwai wata roba da ke riƙe ta da sandar inji, wadda in ta saki takan jawo irin wannan ihun. Ya ja layi da jan fenti daga robar zuwa ƙarfen, ya je ya ba inji wuta ya dawo, layin yana nan a miƙe bai goce ba. Ya nuna min. Na ce ni ba fenti na zo kallo ba.

Ya koma kan tsayin inji. Ya sa miƙaƙƙen katako a ƙasan jirgi ya auna ko farfela ta cika yin sama, ya rage katakon baya da faɗin yatsa ɗaya, daga baya ya mayar da abin da ya rage. Akwai ramuka biyar da ake zura ƙarfe don inji ya karkata ciki ko waje, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane rami da fitarsa ruwa. Ya ce wataƙila iskar jirgin ce ta yi rauni, don roba in an hura ta cikin rana aka sa ta a ruwan sanyi takan saki, ƙasanta ya lanƙwashe ya riƙa tura kumfa baya. Sai ya yi sati yana taka famfo, da safe daban, da rana daban, yana shafa ruwan sabulu a kowane haɗi ko zai ga inda ke huci. Wani tsohon faci da ke ƙasan jirgin ma bai tsira ba, ya ɓamɓare shi ya sake liƙawa. Har leda ya naɗa wa ƙafar injin da gangan don ya ji ko kukan zai yi kama da na ranar. Ya ce bai yi kama ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, jirgin bai sake yi ba. Baba yana ajiye inji na biyu a shirye ko da za a kira gaggawa alhali wannan na warwatse a kan tsumma, amma ko da wanne ya fita, kwata ɗaya ya tsallaka. Uwar wani ta tsallaka ta dawo da ƙafarta, matar wani ta tsallaka ta dawo da jariri. Tawa uwar ce kaɗai jirgin ya zaɓa. Duk da haka mutane suka fara ja da baya. Masu kwale-kwale suka riƙa kai injinansu wurin wani makaniki a matsayar ƙasa. Na ji da kunnena wani yana cewa kunne ya tsufa, wai wata da watanni ana neman ciwo ɗaya. Da a da ne, da sai an raba mu. Ranar sai na wuce abina, har da wani ɗan sanyi a raina. Allah ya yafe min.

Sau ɗaya na kawo shawara. Na ce, "Tunda in kai kaɗai ka fita ba ya yi, bari in kira Gwaggo mu zauna yadda muka zauna ranar, mu gani." Na cire takalmi na nufi jirgin. Tun da nake a duniya Baba bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar.

"Kada ki kuskura ki taka jirgin nan!"

Har masu wanki a gangare suka waiwayo. Na ce a raina, lallai, mai laifi ya fara borin kunya. Na sa takalmina na tafi, kwana uku Gwaggo ce ta kai masa abinci.

A gida kuwa bai fasa komai ba. Da yamma zai tsuguna a bakin ƙofa ya wanke hannu, ya miƙe, ya tsaya da hannayen a gabansa na ɗan lokaci, sannan ya tuna ya goge su da tsumma. Ina ganinsa ta taga. Sau da yawa zuciyata ta karye, sai in tuna riƙon da ya saki a damtsena in ɗaure ta tamau. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, tari ya kama shi, ko ci kanka ban ce masa ba.

Da damina ta zagayo, ciwon baya ya hana shi zama a jirgi, ciyaman ya miƙa tuƙin ga Dogo, wani mai kwale-kwale, mutumin kirki amma bai saba da roba ba. Ranar wata Laraba ƙungiya ta tashi gyara matakalar matsayar tsallake, aka ce Dogo ya kai buhunan siminti. Na iso da kwanon abinci daidai lokacin da ya bar gaɓa. Ya jibge buhunan can gaba don ya samu wurin miƙe dogayen ƙafafunsa. Baba yana cikin rumfa ya ba kogi baya kamar kullum, yana goge wata farfela, bai ji zuwana ba.

Sai na ji shi. Ihun nan dai, ba wani ba, wanda na shekara ina ji a cikin aji da cikin kasuwa da kan sallaya. Na ga kumfa na tafasa, jirgi ya tsaya, ruwa ya fara janye shi.

Baba bai ko waiwaya ya ga lodin ba. Ya yar da magagarin, ya ƙwala murya tun kafin ya gama miƙewa: "Dogo! Nauyi ya yi gaba! Rage wuta, jawo buhu biyu baya!"

Dogo ya rage wuta, ya rarrafa ya jawo buhu biyu kusa da ƙafarsa, ya koma ya murɗa totur. Jirgi ya ɗaga hanci ya tsaga ruwa ya tafi sumul kamar ba shi ba. Duka-duka abin bai kai minti biyu ba.

Baba ya juyo zai zauna, sai ya gan ni. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina irin na wannan lokacin ba, ko a ranar da muke tsakiyar kogi.

"Yaushe kika zo?"

Na dire kwanon a kan benci don kada ya suɓuce. A bangon bayansa farfela huɗu ke rataye a ƙusa, kowace da layinta na jan fenti. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Barkono, ai buhu daban, mutum daban..."

"Baba. Tun yaushe?"

Ya zauna. Ya daɗe yana murza tsumma a tsakanin yatsunsa, sannan ya ce, "Tun kafin in ja igiya."

Ya yi bayanin a hankali, da muryar da yake yi wa masu jirgi bayani. Jirgin roba ba shi da nauyin kansa. In an danne gaba sai baya ya ɗaga, farfela ta matso saman ruwa, da ruwa ya ɗan kaɗa shi sai ta kama iska. Mu uku a gaba da kayanmu, shi kaɗai a baya, mutumin da ko rigarsa ba ya cikawa.

"Na yi zaton zai ɗauka," in ji shi. "Na ga ruwan gaɓa a kwance, na ce za mu wuce."

"Me ya hana ka ce mu dawo baya?"

"Na kira Gwaggonki sau biyu, ba ta ji ba. Ko ta ji ma, in ta miƙe a tsakiyar ruwan nan, mu huɗu za a nema. Saura ke. Na buɗe baki in ce ki kwantar da ita ki dawo kusa da ni, sai na ga yadda ta riƙe ki. Na ce bari in ƙara gwadawa sau ɗaya. Na yi ta ƙara gwadawa."

"Ni na ja bargon," na ce, da wata murya da ba tawa ba. "Ka shimfiɗa a tsakiya, ni na ja shi."

"Kin ja shi ne don kada ta shaƙi hayaƙi, kuma ba ki yi ƙarya ba, hayaƙin ma yana iya ƙarasa ta. Ba wanda ya san wanne ne. Ni ne direba, ni ya kamata in ce a'a tun a gaɓa. Laifin da na amsa a asibiti ba duka ne na aro ba."

"To waɗannan fa?" Na nuna bango. "Shekara guda, Baba! Ana cewa kunnenka ya tsufa, aiki ya gudu, ni ina dire maka abinci kamar wanda ke kurkuku. Me ya sa ka bar ni?"

"Kin ce sai kin ji sunan abin," in ji shi. "Kullum ina neman wani suna da zan ba ki. Da na samu ko tsaga ɗaya ce a jikin ƙarfen nan, da na nuna miki mun huta. Ƙarfen ya ƙi ba ni." Ya ɗago ya dube ni. "Haushina kike ji, amma kina ci, kina zuwa aiki, kina faɗa da mutane. Na san halinki. Da haushin kanki kika ji, ban san inda zan je in same ki ba. Na rasa ɗaya a jirgin nan, ban shirya rasa biyu ba."

Na durƙusa a kan baƙar ƙasar nan da kayan makarantata, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da Inna. Na ce ya yafe min, ban san ko sau nawa ba. Shi kuwa sai cewa yake, "Tashi, za ki ɓata zanenki," yana miƙo hannu yana janyewa saboda man da ke jiki.

Na so in tara masu jirage in faɗa musu cewa kunnen nan lafiyarsa ƙalau, ya hana. Ya ce Gwaggo tsohuwa ce, hawan jini gare ta, kuma ita ma a gaba ta zauna. Haka na yi shekara uku ina jin ana cewa kunne ya tsufa ina haɗiyewa, ni Barkono. Sai bara, da Gwaggo ta rasu, ya ce in har yanzu ina so in faɗa. Ga shi na faɗa. Masu injin da suka tafi yawancinsu ba su dawo ba, ni kuma har yau ban sani ba ko bargon ne ya raba ni da uwata, kuma ba zan taɓa sani ba.

Amma a yammar waccan Larabar na riga shi isa gida. Na canza ruwan bokitin, na sa sabon sabulu a murfin gwangwani, na tsaya daga ciki inda Inna ke tsayawa. Ya zo a hankali dafe da baya, ya tsuguna ya wanke, ya miƙe ya tsaya da hannayensa a gaba kamar kullum. Na fito na kama su. Na juya ciki, na juya baya. Duk yankan magagari ne, sabo a kan tsoho, na shekara guda, baƙin mai ya shige cikin kowace tsaga.

Na yi niyyar in ce masa "Koma" yadda take cewa, ko zai yi dariya. Kalmar ta ƙi fita. Ya jira, ya jira, da ya ga ba za ta fito ba sai ya ce a hankali, "Ai fatar ce haka." Sannan ya koma ya tsuguna da kansa ya sake wankewa.